Malamin Shawara Tsakanin Amana da Doka: Wajibcin Kai Rahoton Cutar da Yara a Makarantun Amurka

A yawancin makarantun gwamnati na ƙasar Amurka, tun daga firamare har zuwa sakandare, akwai wani ma'aikaci wanda ba ya shiga aji don koyar da lissafi ko tarihi. Yana da ɗan ofis nasa na kansa, kuma ɗalibai sukan je wurinsa ɗaya-ɗaya su rufe ƙofa su yi magana. Wannan shi ne malamin jagora da ba da shawara, wanda za a riƙa kira malamin shawara a cikin wannan lacca saboda taƙaitawa. Babban jarinsa shi ne amana, domin yaro ba ya buɗe cikinsa ga wanda yake tsammanin zai kai zancen gaba. To, amma dokar kowace jiha ta Amurka ta ɗora wa wannan malami wani nauyi wanda a wajen idon mai kallo ya ci karo da amanar. Idan ya sami dalilin zaton cewa ana cutar da wani yaro, ko ana yin sakaci da shi, tilas ne ya sanar da hukuma, ko yaron ya yarda ko bai yarda ba, ko iyaye sun so ko sun ƙi. Abin da za a duba a nan shi ne yadda wannan tilas ya samo asali, da abin da yake nema daga malamin, da kuma inda yake gazawa.

Aikin shawara a makaranta ya girmi dokar kai rahoto da shekaru fiye da hamsin. A shekarar 1908 wani mutum mai suna Frank Parsons ya buɗe ofis a birnin Boston don taimaka wa samari su zaɓi sana'ar da ta dace da su, kuma daga nan ne aka fara jin maganar jagorancin ɗalibai. An kafa ƙungiyar malaman shawara na makarantun Amurka a 1952. Amma abin da ya yawaita su shi ne tsoro. Da Tarayyar Sobiyat ta harba kumbon Sputnik a 1957, sai hankalin Amurkawa ya tashi, suka ga kamar an bar su a baya wajen kimiyya. A 1958 majalisar tarayya ta yi dokar ilmi don tsaron ƙasa, ta ware kuɗi domin horar da malaman da za su zaƙulo yara masu hazaƙa su tura su fannin kimiyya da injiniya. Watau dai tun farko an ɗauki malamin shawara ne don ya duba takardun jarrabawa da maganar sana'a. Sai daga baya aka lura cewa yaron da ya zo tambayar wace jami'a zai nema, shi ne kuma yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce akwai wata magana.

Yadda doka ta shigo

Akan fara tarihin kare yara a Amurka da labarin Mary Ellen Wilson, yarinya 'yar kimanin shekara 10 a birnin Niyok, wadda matar da ke riƙonta ta daɗe tana dukanta da bulala tana kulle ta a ɗaki. Wata ma'aikaciyar mishan, Etta Wheeler, ta ji labarinta daga maƙwabta, ta yi ta yawo ba ta sami hukumar da za ta sa hannu ba, har ta dangana da Henry Bergh, shugaban ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. An kai maganar kotu a 1874, aka karɓe yarinyar, aka ɗaure matar shekara guda. Mutane da yawa sukan ce wai an ceci yarinyar ne da dokar dabbobi. Ba haka ba ne. Lauyan Bergh, watau Elbridge Gerry, ya bi hanyar shari'a ta mutane ce, kuma a sakamakon wannan shari'a aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta Niyok. Ita kuwa Mary Ellen ta yi tsawon rai, ba ta rasu ba sai a 1956.

Duk da haka, shekaru kusan casa'in suka wuce babu wanda doka ta tilasta wa ya faɗi abin da ya gani. Likitoci ne suka sauya wannan hali. A 1946 John Caffey, masanin hoton ƙashi, ya rubuta cewa yana ganin jarirai masu taruwar jini a cikin kai tare da karaya iri-iri a ƙasusuwan hannu da ƙafa, waɗansu sababbi waɗansu sun fara ɗorewa, ba tare da iyaye sun ba da wani bayanin da ya gamsar ba. Bai fito fili ya ce iyayen ne ba. Wanda ya fito fili shi ne C. Henry Kempe, likitan yara a birnin Denba ta jihar Kolorado, wanda shi da abokan aikinsa suka buga wata maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a watan Yuli na 1962, suka raɗa wa abin suna, suka kira shi ciwon yaron da aka jibga. Sun tambayi asibitoci 71, aka ba su labarin yara 302 a cikin shekara guda. 33 daga ciki sun mutu, 85 kuma sun sami lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi tayar da hankali a maƙalar shi ne bayanin cewa likitoci suna gani amma suna kawar da kai, saboda ba sa son yarda cewa uwa ko uba za su aikata haka, kuma ba sa son shiga kotu.

A 1963 ofishin kula da yara na gwamnatin tarayya ya fitar da samfurin doka don jihohi su kwaikwaya, kuma kafin ƙarshen 1967 kowace jiha ta yi tata dokar. Da wuya a sami wata doka da ta bazu cikin jihohin Amurka da irin wannan hanzari. Dokokin farko likitoci suka fi shafa. A 1974 Sanata Walter Mondale ya jagoranci wata dokar tarayya ta hana cutar da yara, wadda aka fi sani da CAPTA, Shugaba Nixon ya sa mata hannu. Wannan doka ba ta umarci malami ko likita kai tsaye ba. Abin da ta yi shi ne ta ce duk jihar da ke son kuɗin tarayya sai ta tanadi hanyar karɓar rahoto da bincike, ta faɗaɗa ma'anar cutarwa har ta haɗa da sakaci da lalata da yara, ta kuma ba da kariya ga wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya. Daga nan jihohi suka yi ta ƙara jerin waɗanda tilas ya hau kansu: malaman aji, malaman shawara, shugabannin makarantu, 'yan sanda, ma'aikatan jinya. Waɗansu jihohi, kamar Indiyana da Niyu Jasi, sun ce ma kowane mutum ne.

Zato mai dalili

Bahaushe yakan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, saboda haka wannan sashe na dokar shi ne zai fi yi wa mai sauraro nauyi a kunne. Dokar ba ta jira malamin shawara ya tabbatar. Lafazin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ma'anar guda ce: idan abin da malamin ya gani ko ya ji zai sa wani mai hankali, mai irin horonsa da ƙwarewarsa, ya yi zaton ana cutar da yaro, to wajibi ya hau kansa daga wannan lokaci. Shatar bulala a bayan yaro, ko ƙuna mai siffar bakin sigari, ko yarinya 'yar shekara 7 da ke bayyana al'amuran manya dalla-dalla, ko yaron da kullum yake zuwa da yunwa ba rigar sanyi a tsakiyar hunturu, ko maganar da yaro ya furta da bakinsa, kowane ɗaya daga cikinsu yana iya isa.

Dalilin da ya sa aka sassauta ma'aunin haka a fili yake. Malami ba shi da ikon shiga gidan mutane, ba shi da ikon sa likita ya duba yaro, ba shi da tarihin rahotannin da aka taɓa kaiwa a kan wannan gida daga wata makaranta ko wani asibiti. Abin da yake gani guntu ne kawai. In aka ce sai ya tabbatar, to ba zai taɓa tabbatarwa ba, sai ranar da aka kai yaron asibiti. Doka ta raba aikin gida biyu: malami ya faɗi abin da ya gani, hukumar kare yara ta auna.

Hanyar kuwa ba ta da wuya. A jihar Kalifoniya, alal misali, ana buga waya nan take ga hukumar kare yara ko 'yan sanda, sa'an nan a aika da rubutaccen rahoto cikin awa 36. A jihar Niyok wa'adin rubutaccen rahoton awa 48 ne. Wanda ya ƙi kai rahoto a Kalifoniya yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai wata 6, ko tarar dala 1,000, ko duka biyu, ban da haɗarin rasa takardar izninsa ta aiki. Akwai kuma maganar diyya. A 1976 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a shari'ar Landeros da Flood, inda aka kai wata jaririya 'yar wata 11 asibiti da karaya da tabon duka, likita ya sallame ta ga uwarta ba tare da ya sanar da kowa ba, aka koma aka ci gaba da gallaza mata. Kotun ta ce ana iya neman diyya daga likitan saboda raunukan da suka biyo baya. A ɗaya gefen kuma, wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya ba a iya hukunta shi ko da bincike ya nuna babu komai. Watau doka ta jingina ma'auni da gangan: kuskuren faɗa ba shi da hukunci, kuskuren yin shiru yana da shi.

Ina amana ta tafi?

A ɗauka wata yarinya 'yar shekara 13 ta shigo ofis, ta zauna, ta ce: "Malama, zan faɗa miki wata magana, amma sai kin yi mini alkawari ba za ki gaya wa kowa ba." Malamar da ta san aikinta ba za ta yi wannan alkawari ba, kuma ba za ta tsorata yarinyar ta rufe baki ba. Abin da ƙa'idojin ƙungiyarsu suka koyar shi ne a bayyana iyakar sirri tun kafin a fara, da harshen da yaro zai gane. Za ta ce da ita kamar haka: "Duk abin da kika faɗa a ɗakin nan zai tsaya a nan, sai fa in wani yana cutar da ke, ko kina shirin cutar da kanki ko wani. In haka ne, sai na nemo wanda zai taimake mu, kuma zan gaya miki kafin in yi." Da yawa daga cikin malaman shawara sukan rubuta wannan su manna a bango, su kuma faɗe shi a kowane aji a farkon shekara.

Akwai masu cewa wannan gargaɗi yana korar yara, kuma babu shakka wani yaron zai haɗiye maganarsa ya fita. Amma abin da ya fi wannan muni shi ne a yi wa yaro alkawari sa'an nan a saɓa. Yaron da babban da ya yarda da shi a gida ya ci amanarsa, in ya zo makaranta aka sake yi masa haka, da wuya ya ƙara buɗe baki ga wani. Yarinyar da aka gaya wa gaskiya tun farko, in ta ci gaba da magana, ta yi ne da saninta, kuma sau da yawa abin da take nema ke nan, a ɗauke mata kayan da ba za ta iya saukewa da kanta ba. Dokokin jihohi da yawa sun fito ƙarara sun ce haƙƙin sirri da ke tsakanin mai ba da shawara da wanda yake ba shawara ba ya zama uzuri a wannan babi.

Abu na gaba da malamin yake bukatar ya sani shi ne inda zai tsaya. Zai saurara, ya yi tambaya ɗaya ko biyu a buɗe, kamar "me ya faru?", ya rubuta kalmomin yaron yadda ya furta su, ya tsaya nan. Ba zai tuɓe yaro ba, ba zai kira uban ya tuhume shi ba, ba zai yi ta nanata tambaya yana sa wa yaro magana a baki ba. Amurka ta koyi wannan darasi da tsada. A 1983 aka zargi ma'aikatan makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya da lalata da yara. Aka yi wa ɗaruruwan yara tambayoyi masu jan hankali zuwa amsar da ake so, har yara suka riƙa ba da labaran da hankali ba zai ɗauka ba. An shafe shekara 7 ana shari'a, aka kashe kimanin dala miliyan 15, aka tashi a 1990 ba a sami kowa da laifi ba. Tambayar da ba ta da ƙwarewa tana iya ɗaure marar laifi, tana kuma iya kuɓutar da mai laifi, domin lauyansa zai ce an gurɓata shaidar. Kotun Ƙolin Amurka ma ta taɓo wannan a 2015, a shari'ar Ohayo da Clark, inda malaman wani yaro ɗan shekara 3 suka ga jan ido da tabo a jikinsa suka tambaye shi wa ya yi masa. Kotun ta ce wajibcin kai rahoto bai mai da malami ɗan sanda mai tara shaida ba. Manufarsa ita ce kare yaron da ke gabansa.

Sai kuma tambayar da ta fi damun ma'aikaci ko'ina yake: in an gaya wa shugaba, an sauke nauyi? A da, dokokin waɗansu jihohi sun yarda ma'aikaci ya sanar da shugaban wurin aikinsa, shi kuma ya kai gaba. Abin da ya faru a Jami'ar Jihar Fensilbeniya ya nuna ramin da ke cikin wannan tsari. A 2001 wani ƙaramin ma'aikaci ya ga Jerry Sandusky, tsohon mataimakin kocin ƙwallo, da wani yaro a wurin wanka cikin hali marar kyau. Ya gaya wa babban koci, shi kuma ya gaya wa na sama da shi, magana ta hau har ofishin shugaban jami'a, amma ba ta fita zuwa ga hukuma ba. Ba a kama Sandusky ba sai a 2011, aka same shi da laifuffuka 45 a 2012. A 2017 aka hukunta manyan jami'ai uku na jami'ar, har da tsohon shugabanta, da laifin jefa yara cikin haɗari. Jihar ta gyara dokarta a 2014: yanzu wanda ya gani shi zai kira hukuma da kansa, daga baya ya sanar da shugabansa. Kowace makaranta tana da sunan da take karewa, kuma maganar da ta bi matakan ofis tana raguwa a kowane mataki.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2019 hukumomin kare yara na Amurka sun karɓi rahotanni kimanin miliyan 4.4, waɗanda suka shafi yara kimanin miliyan 7.9. Ma'aikatan ilmi su ne kan gaba wajen kai rahoton da aka bincika, da kashi 21 cikin 100. Yaran da aka tabbatar an cutar da su kuwa kimanin 656,000 ne, kuma an ƙiyasta 1,840 sun mutu. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, rahotanni suka ragu ƙwarai, abin da ya nuna yawan dogaron tsarin ga idon malami.

Amma tazarar da ke tsakanin miliyan 7.9 da 656,000 ita ce abin da masu suka suke nunawa. Kowane rahoton da aka bincika ma'anarsa jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gida, ya buɗe firji, ya keɓe yara ya yi musu tambayoyi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Amurka za a bincika gidansu kafin su cika shekara 18, kuma a tsakanin baƙaƙen fata adadin ya kai kashi 53. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake tabbatarwa sakaci ne, shi kuwa sakaci da talauci kamanninsu ɗaya daga nesa. Uwar da ke aikin dare ta bar ɗan shekara 9 da ƙanwarsa, ba ta da mugun nufi. Kuɗin mai reno ne ba ta da shi. In ta fahimci cewa duk abin da ta faɗa wa makaranta yana iya komawa ga hukuma, sai ta daina faɗa. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ita ta sa waɗansu masana suke kira da a horar da malamai su bambance gidan da ke bukatar abinci da gidan da ke bukatar bincike. Malamin shawara ya fi kowa dacewa da wannan, in yana da lokaci. Ƙungiyarsu ta ce kada malami ɗaya ya wuce ɗalibai 250, amma a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 matsakaicin ƙasar 385 ne.

Har ila yau, rahoto ba ya wuce ƙarfin wanda ya karɓe shi. Gabriel Fernandez yaro ne ɗan shekara 8 a gundumar Los Anjalis. Malamar ajinsa ta kira hukuma tun a 2012, ta sake kira da ta ga sababbin raunuka, jami'ai suka je gidan amma ba a ɗauke shi ba. Ya mutu a watan Mayu na 2013 a hannun uwarsa da saurayinta. An gurfanar da ma'aikatan hukumar su huɗu, daga baya aka soke tuhumar a 2020. Malamar ta yi duk abin da doka ta ce.

Ba kowace ƙasa ce ta bi hanyar Amurka ba. Ingila ta shafe shekaru masu yawa tana dogaro da ƙa'idojin aiki da naɗa jami'in kare yara a kowace makaranta, ba tare da hukuncin laifi ga wanda ya yi shiru ba, har wani babban kwamitin bincike ya ba da shawara a 2022 a tilasta kai rahoton lalata da yara.

Nijeriya kuwa ta ari kujerar malamin shawara daga wannan tsari. Akan danganta farkonsa da kwalejin 'yan mata ta St. Theresa a Ibadan a 1959, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da irin waɗannan malamai a makarantun gaba da firamare. An yi Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya a 2003, jihohi suka riƙa ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zali kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Ɗalibin da zai riƙe wannan kujera gobe, da ma'aikacin da ke tsara mata ƙa'ida a ma'aikatar ilmi, za su tarar da tambayoyin da Amurka ta yi shekara sittin tana fama da su: a wane ofis ake kai maganar, cikin kwana nawa, wa zai je gidan, kuma wace kariya ke akwai ga malamar da ta kai rahoton ɗan wani mai faɗa a ji a garin da take aiki.